Krita a kan ƙaramar laftof: sharhi ga mai son motsa zanen hannu

Daƙiƙa ɗaya ta fim firam 24 ce. Mai zanen katun da hannu yana iya zana hoto 24 daban-daban domin wannan daƙiƙa guda, ko ya zana 12 ya bar kowane ɗaya ya zauna firam biyu, wanda shi ne abin da aka fi yi tun zamanin takarda da fensir. A wannan lissafin, tallan shagon atamfa na daƙiƙa 30 yana cin zane 360, ba a sa bango a ciki ba, ba a sa launi ba. Da wannan mudun ya kamata a auna kowace manhaja da ta ce ta iya katun: shin tana sauƙaƙa wa mutum zane na ɗari biyu da hamsin, lokacin da wuya ya riƙe, ido ya fara ruwa, ko kuwa sai ƙyale-ƙyale a shafin farko?

Krita ta ci wannan jarrabawar, amma da sharaɗi. Manhaja ce ta kyauta, daga cikin ayyukan KDE, ƙungiyar masu gina manhajojin kyauta, gidauniyar da ke kula da ita tana ƙasar Holan. Asalinta ta zane ce da fenti, sai a 2016 aka sa mata ɓangaren motsa zane a siga ta 3.0. A ƙarshen 2021 siga ta 5.0 ta sake fasalin ɓangaren, ta kuma kawo allon tsara labari. Siga ta 5.2 a 2023 ta gyara harkar sauti. Tana aiki a Windows da Linux da Mac, akwai kuma ta Android wadda aka fi nufin manyan tablet da ita, ba wayar aljihu ba. A shafinta na intanet ba a biyan ko sisi, saukewar ma ba ta kai rabin giga ba. Wadda ake sayarwa a Steam da shagon Microsoft ita ce dai, kuɗin tallafi ne ga masu gina ta. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da "cikakkiya" a filashi, kuɗin wahalarsa kawai yake nema.

Babban abin da ya sa ta dace da mai zanen hannu shi ne buroshinta. Yawancin manhajojin katun an fara gina musu injin motsi ne, daga baya aka liƙa musu alƙalami. Ita kuwa akasin haka aka yi. Fensirinta yana jin nauyin hannu, in an danna ya yi baƙi, in an sassauta ya yi siriri kamar gashi, kuma wannan bambancin shi ne ran zanen hannu. Layin da ya yi kauri a ƙarƙashin haɓa ya sirance a kan goshi yana gaya wa ido inda nauyi yake ba tare da an sa inuwa ba. Akwai matakan daidaita rawar hannu, daga babu har zuwa mai ƙarfi. A lokacin zanen gwaji a kashe shi gaba ɗaya, domin yana jan layi a baya, yana kashe kuzarin motsi. A kunna shi sai an zo tsaftace layi.

Ba a yin wannan aiki da linzamin kwamfuta, dole sai da allon zane mai alƙalami. Ƙaramin Wacom Intuos ya wadatar: filin zanensa milimita 152 ne da 95, alƙalamin ba ya amfani da batir, yana gane matakan danni 4096. Huion da XP-Pen suna da makamantansa, galibi da sauƙin kuɗi. Abu biyu ke rikita sabon shiga. Na farko, filin allon ba daidai yake da fasalin fuskar yawancin laftof ba, don haka in ba a shiga direban allon an kulle daidaiton tsawo da faɗi ba, za ka zana da'ira ta fito kamar ƙwai. Na biyu, wata rana alƙalamin zai daina jin danni, layi ya riƙa fitowa da kauri ɗaya. Sau da yawa ba allon ne ya lalace ba. A Windows hanya biyu ce manhaja ke magana da allo, WinTab da Windows Ink. A shiga saitin allo cikin Krita a sauya daga ɗaya zuwa ɗaya, a rufe manhajar a sake buɗewa. Ƙurar hunturu kuma tana cin bakin alƙalami kamar sanfefa, sai a riƙa goge allon da ƙyalle mai laushi kafin a fara. Ƙarin bakuna uku na Intuos suna ɓoye a cikin gindin alƙalamin, mutane da yawa ba sa sanin haka har sai sun je kasuwar Wunti a Bauchi neman sabo.

Yanzu ga aikin kansa. In aka zaɓi shimfiɗar aikin motsi, jadawalin lokaci zai bayyana a ƙasa, kowace leya (shafi mai nuna na ƙarƙashinsa da ake zane a kai) da layinta, kowane firam da akwatinsa. Sai a kunna abin da masu sana'ar ke kira ɓawon albasa, wato ganin inuwar zanen baya da na gaba ta cikin wanda ake zanawa, kamar yadda masu takarda ke ɗora shafi kan shafi a kan teburi mai fitila. Krita tana nuna na baya da ja, na gaba da kore, tana iya nuna har goma kowane ɓangare. Kada a yarda da goman. Ɗaya a baya ɗaya a gaba ya isa, in ya yi yawa biyu. Wanda ya kunna shida sai ya koma bin layi kamar mai kwafi, ya manta cewa jiki yake zanawa. Ƙwararru sun fi dogara da juya zane gaba da baya da sauri, ido ya ga motsin da kansa. A sa wa maɓallai biyu na jikin allon wannan aikin, ɗaya baya ɗaya gaba, hannun hagu ya zauna a kansu.

Littattafan koyarwa suna farawa da ƙwallo mai tsalle. Yana da kyau, amma a Bauchi akwai darasin da ya fi shi a kowane tsakar gida: mace tana daka. Duk ƙa'idar motsi tana cikin turmi da taɓarya. A fara da jigajigan zane uku kawai: taɓarya a can sama, taɓarya ta daki gero, da kuma ɗan durƙuson da take yi kafin ta ɗaga. A ajiye durƙuson a firam na 1, taɓarya a sama a na 13, dukan a na 17, ko kusa da haka, a kunna a gani. Ɗagawa tana ɗaukar lokaci, kamar firam goma zuwa sha biyu, zane-zanen suna matsowa kusa da juna yayin da taɓarya ke isa ƙololuwa, domin a can take rage gudu. Saukowa kuwa firam uku ko huɗu ne, tazara mai faɗi, kuma a nan ya kamata a zana kowane firam, ba ɗaya bisa biyu ba. In aka raba tazarar daidai wa daida daga sama zuwa ƙasa, taɓaryar za ta zama kamar kara, ba nauyi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a aikin masu koyo, kuma babu manhajar da ke gyara shi. Bayan dukan, kafaɗa ta ci gaba da sauka firam biyu, bakin zane da ɗankwali su biyo baya a makare, tsabar gero biyu-uku su yi tsalle daga bakin turmi. Mai son lugude sai ya kwafi leyar, ya ja ta rabin zagaye a jadawali, ya sauya fuska da zani. Mace ta biyu ta samu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. A irin wannan ja da turawa Krita ta ciri tuta: a kama firam a matsar, a ƙara wa zane zama, a rage, a shafa wa jigajigai launi daban a jadawali don kada su ɓace cikin zanen tsakani, wato masu cike gurbin da ke tsakaninsu. Tana da kwafi mai haɗe da asali, wanda in an gyara ɗaya sauran su gyaru, abin da ke ceton sa'o'i a motsin da ke maimaituwa.

Tafiya ma haka. Taku ɗaya na mutum mai tafiyar yau da kullum firam 12 ne, zagaye cikakke 24, wato zane 12. Dattijo cikin babbar riga zai iya cin 16 a taku, rigar kuma ba ta tafiya tare da shi, tana bin sa ne da jinkirin firam biyu ko uku, ta wuce shi kaɗan in ya tsaya. Wanda bai zana jikin da ke cikin rigar ba tukuna, a leyarsa daban, zai samu tanti yana yawo.

Sauti shi ne inda sharaɗin ya fara. Krita tana karɓar fayil ɗin sauti ɗaya, tana kunna shi yayin da ake jan jadawali, kuma tun 5.2 sautin da hoto suna tafiya tare fiye da da. Amma ba ta zana igiyar sautin a kan jadawali, don haka ba ka ganin inda kalma ta fara da ido. Mafita ita ce tsohuwar hanya: a buɗe muryar a manhajar sauti ta Audacity, a rubuta a takarda firam ɗin da kowace gaɓa ta faɗa, sannan a dawo. Akwai wani tarko na musamman ga mai sa wa katun Hausa a baki. Jadawalin siffofin baki da ake samu a intanet na Turanci ne, kuma a cikinsa akwai siffar da haƙoran sama ke cizon leɓen ƙasa domin harafin f. Bahaushe ba haka yake furta f ba, da leɓɓa biyu yake yi, shi ya sa "fura" ke kusa da "hura" a wasu bakunan. A zana cizon leɓe, mai kallo a unguwar Gwallameji ta Bauchi zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai san mene ne ba. Haruffan b da ɓ da m dole baki ya rufe, kuma rufewar ta kai firam biyu, in ba haka ba ido ba ya kama ta. Dogon wasali a riƙe shi, gajere a wuce. Bakin kuma ya riga sautin da firam ɗaya ko biyu, domin leɓe yana shiri kafin murya ta fito.

Shafa launi aiki ne mai cin rai a nan. Bokitin cikawa yana iya duba leyar layi ya zuba launi a wata leya ta ƙasa, kuma haka ya kamata a yi, kada a taɓa zuba fenti a kan layin kansa. A sa masa faɗaɗawa ta ɗigo ɗaya ko biyu, launin ya shige ƙarƙashin layi, in ba haka ba farin zare zai zagaye kowane zane. Layin da bai rufe ba yana malalar da launi har bango. Duk wannan firam-firam ake yi, sau 360 a tallan nan namu. OpenToonz, wadda ita ma kyauta ce tun 2016, kuma daga sigar da situdiyon Ghibli na Japan ya yi shekaru yana amfani da ita ta fito, ta fi Krita nesa ba kusa ba a wannan fannin: a can in an sauya launin riga a faranti ɗaya, duk fim ɗin ya sauya. Sai dai koyonta da wuya, kuma buroshinta bai kai na Krita daɗi ba. Leyar bekta, wadda layinta ba ya dusashewa in an zuƙo shi, ba ta motsi a Krita. Ana iya matsar da hoto ko juya shi ko zuƙo shi da kayan sauya siffa da ake kira Transform Mask, ya isa ga gajimare mai wucewa ko a-daidaita-sahu da ke ratsa titi, amma ba injin kyamara ba ne, yana kuma nauyaya kwamfuta.

Nauyin nan shi ne babban aibinta. Krita tana riƙe zane-zanen a ƙwaƙwalwar RAM. Hoto ɗaya cikakke mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana cin kusan megabait 8. Zane 120 a leya uku masu cike da launi zai iya haura giga biyu da rabi, kafin a yi maganar abin da Windows ke ci. Zanen layi zalla bai kai haka ba, domin fili marar komai ba ya cin wuri sosai. Laftof mai giga 4, irin na hannu da suka fi yawa a kasuwa, za ta fara numfashi sama-sama tun kafin a kai daƙiƙa goma masu launi. Giga 8 shi ne inda ake samun natsuwa. Magani uku ne. A yi aiki a 1280 da 720, wanda ke cin ƙasa da rabi, kuma ya ishi WhatsApp da Facebook da TikTok. A yanka fim gunduwa-gunduwa, kowace fitowa fayil ɗinta daban, daƙiƙa biyar zuwa goma, a haɗa su a manhajar haɗa bidiyo kamar Kdenlive ko Shotcut. A kuma shiga saitin ƙarfin aiki a mayar da ma'ajiyar kunnawa kan faifai maimakon RAM. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kan ganiyarsa, laftof tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai motsi ya riƙa tsallake firam, mai zane ya zaci lissafinsa ne ya karkace. Kafin a goge komai a fitar da gwajin a matsayin bidiyo a kalla a waya. A ɗaga gindin laftof daga kan katifa ko darduma.

Maganar wuta ba sai an faɗa ba. A mayar da ajiyar kai-tsaye kowane minti biyar, a kuma saba da ajiya mai lamba, wadda ke barin tsohon fayil ta buɗe sabo. In wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake rubuta fayil, kuma batir ya mutu, fayil ɗin zai iya ƙin buɗuwa har abada. Wajen fitar da aiki, a fitar da jerin hotunan PNG tukuna, daga baya a mayar da su MP4. In abu ya katse a firam na 200, daga nan za a ci gaba. Sigogin da suka riga 5.2 sai an sauke FFmpeg, manhajar da ke mayar da hotuna bidiyo, daban an nuna mata inda yake, abin da ya sa da yawa suka yi zuciya suka bar ta.

To wa ta dace da shi? Amsar tana bin yadda sana'ar take, domin mai motsa zane ba aiki ɗaya yake yi ba tsawon rayuwarsa. Hayao Miyazaki na Japan ya shiga kamfanin katun na Toei a 1963 a matsayin mai zanen tsakani, mai cike gurbin da manya suka bari, shekara 22 kafin a kafa Ghibli. Richard Williams, wanda ya rasu a 2019, ya yi shekaru yana ciyar da situdiyonsa na Landan da tallace-tallace da zanen buɗe fina-finan wasu, kuma shi ne ya jagoranci zanen Who Framed Roger Rabbit a 1988. Misalin da ya fi kusa da mu yana ƙetaren iyaka ne kawai. Mustafa Alasan na Nijar, haifaffen 1942, makanike ne tun farko. Ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin mai motsa zane Norman McLaren, ya dawo ya zana Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, layi baƙi a kan fari, ba ado, amma habaicin ya isa inda aka aike shi. A shekarar nan dai ya yi fim da mutane na samarin ƙauye masu kwaikwayon kaboyi. Daga baya ya koma 'yan tsana, har da Kokoa, inda dabbobi ke kokawar gargajiya. Ya zauna a Tawa yana aikinsa, ya rasu a 2015. Mutum ɗaya ne ya yi zane, ya yi 'yar tsana, ya riƙe kyamara, ya koyar.

A irin wannan faɗin Krita take da amfani, domin matakan farko duka suna cikinta. Mai tsara labari yana da allonsa, akwati-akwati da gurbin rubuta magana da tsawon kowace fitowa, ana iya fitar da shi PDF a kai wa mai shago ko ƙungiyar da ke son faɗakarwa kan wanke hannu ko rigakafi, su amince kafin a ɓata wata guda. Mai ƙirƙirar kamanni zai zana Gizo ta gaba da gefe da baya. Mai zanen bango zai samu abin da ya fi na kowace manhajar katun ta kyauta, ko ƙofar Wunti yake so, ko duwatsun da suka kewaye gari, ko ruwan Wikki a Yankari. Mai zanen littafin yara ko bangon littafin hikaya ba ya buƙatar wata manhaja daban. Sitika mai motsi, tambarin da ke buɗe shirin YouTube, karin magana ɗaya a daƙiƙa takwas: duk wannan girmanta ne daidai, kuma irin aikin da ake iya samun mai biya ke nan a Bauchi ko Gombe kafin a yi mafarkin dogon fim. Ɗalibin jami'ar ATBU ko na kwalejin Tatari Ali da ke da laftof ɗin karatu ba abin da zai ƙara saya sai allo.

Inda ba ta kai ba shi ne aikin gayya. Mutum biyar masu shirin mako-mako na minti goma za su gaji da ita, domin ba ta da ƙashin da ake ɗaura wa zane a riƙa lanƙwasa shi, ba ta da taskar sassan jiki da ake sake amfani da su. Masu wannan buƙatar su dubi OpenToonz, ko Blender mai alƙalamin Grease Pencil, ko Toon Boom Harmony in aljihu zai ɗauki kuɗin haya da dala. Wanda kuma waya ce kaɗai a hannunsa, FlipaClip ta fi masa sauƙi, ko da yake za ta matse shi da wuri.

Ga mai son gwada ta a mako guda, ga tsarin da ya fi fitar da gaskiyarta: shafi 1280 da 720, firam 24, leya ɗaya, fensir ɗaya, ba launi, ba bango. Ranar farko jigajigai uku na daka. Rana ta biyu da ta uku zanen tsakani. Rana ta huɗu zani da ɗankwali a leya ta biyu. Sannan a ɗauki sautin turmi na gaske da waya, a ɗora, a matsar da firam ɗin dukan har ya faɗa kan ƙarar. In ya ƙi zama, a gwada sa hoton dukan ya riga ƙarar da firam ɗaya.